Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin da ke zaune a majalisun dokokin jihohi

Masu girma likitoci 'yan majalisa, ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar mazaɓunku.

Ni malamin makafi ne, don haka alli ba ya cikin kayan aikina. Abin da nake koyarwa da shi wata na'ura ce ta ƙarfe, nauyinta ya kusa kilo biyar, mai maɓallai shida, uku ta hagu uku ta dama, da wani a tsakiya na barin tazara. Yaro ya danna, ɗige-ɗige su taso a jikin takarda mai kauri, in ya kusa ƙarshen layi 'yar ƙararrawa ta buga. A ajina guda uku muke da su. Ɗaya ce lafiyayya. Ta biyu maɓallinta na huɗu yana maƙalewa, sai yaro ya sa farce ya ɗago shi. Ta uku kuwa tuni muka mai da ita wurin ciro kayan gyara. Sunan na'urar Perkins. Shekara da shekaru ina kiran sunan nan kamar yadda ake kiran sunan sabulu, har ranar da wata ɗalibata, yarinya mai tambayar tsiya, ta ce, "Malam, shi Perkins ɗin makaho ne?" Na ce ta ba ni mako guda. Neman amsarta ne ya haɗa ni da wani abokin sana'arku, likita kuma ɗan majalisar jiha a Amurka, wanda ya rasu a 1876. Saboda shi nake rubuto muku.

Sunansa Samuel Gridley Howe. An haife shi a Boston, jihar Massachusetts, ranar 10 ga Nuwamba 1801. Mahaifinsa mai masana'antar igiya ne, irin wadda jiragen ruwa ke aiki da ita. Ya gama jami'ar Brown a 1821, ya karɓi shaidar likita daga Harvard a 1824. Maimakon ya kafa allon suna a ƙofa ya fara tara abin duniya, sai ya hau jirgi ya nufi Girka, inda ake yaƙin ɓallewa daga mulkin Turkawa. Ya yi ɗinkin raunuka a fagen daga da cikin jiragen yaƙi, daga baya ya koma rabon abinci da tufafi ga 'yan gudun hijira. A tsibirin Aegina, da ya ga rabon kullum ba zai fisshe su ba, sai ya ɗauke su aikin gyaran tashar jiragen ruwa yana biyansu. A 1832 ya shafe sama da wata guda a kurkukun Berlin saboda ya kai wa 'yan gudun hijirar Poland kuɗin taimako. Kun dai ga irin mutumin: mai zafin nama, wanda ƙafarsa ba ta ƙin wurin hayaniya.

Tun 1829 majalisar Massachusetts ta ba da izinin kafa makarantar makafi, bisa ƙoƙarin wani likitan, John Dix Fisher, wanda ya ga irinta a Paris. Izinin ya zauna a takarda, babu gini, babu malami, har Howe ya karɓi aikin a 1831. A 1832 ya fara da yara shida a gidan mahaifinsa. Littafi babu, don haka ɗan mai igiya ya koma wa sana'ar gida: ya riƙa lanƙwasa zare yana manna shi a kwali, harafi bayan harafi, don yara su shafa. Zuwa farkon 1833 kuɗi sun ƙare ƙaf. Bai zauna rubuta takardar koke mai cewa makafi abin tausayi ne ba. Yaran ya kwasa ya kai gaban 'yan majalisa, suka ɗora yatsu a kan takarda suka yi karatu, kowa na kallo. Gani ya kori ji. Majalisa ta ware wa makarantar kuɗi duk shekara, da sharaɗin a koyar da makafi ashirin 'ya'yan talakawan jihar kyauta.

A nan ne Perkins ya shigo. Thomas Handasyd Perkins attajirin Boston ne mai jiragen ruwa, idanunsa sun fara rauni a lokacin. Ya ba da katafaren gidansa, da sharaɗin jama'a su tara dala 50,000, matan Boston da Salem suka yi ta kasuwar baje koli har kuɗin suka cika. Aka sa wa makarantar sunansa, na'urar kuma ta gaji sunan daga makarantar. Na gaya wa ɗalibata wannan. Na kuma gaya mata abin da ba ta tambaya ba, cewa dukiyar mutumin akwai cinikin bayi a cikinta, akwai safarar ƙwayar ofiyom zuwa Sin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To shi likitan da ya yi aikin, me ya sa ba sunansa aka sa ba?" Ku 'yan siyasa kun fi ni sanin amsar wannan.

Abin da ya ɗaga sunan Howe a duniya wata yarinya ce, Laura Bridgman, 'yar manoma daga Hanover a jihar New Hampshire. Tana da shekara biyu wani zazzaɓi mai feso jajayen ƙuraje ya shiga gidansu, ya kashe yayyenta mata biyu, ita kuma ya tafi da ganinta da jinta, har da yawancin jin ƙamshi da ɗanɗano. Ku kun san irin wannan ɓarna, don kun ga abin da ƙyanda ke yi wa ido da abin da sanƙarau ke yi wa kunne. A watan Oktoba 1837, tana dab da cika shekara takwas, aka kawo ta makarantar. Masana da yawa na lokacin sun ɗauka wanda ba ya gani ba ya ji, babu ƙofar da magana za ta bi ta isa gare shi.

Howe ya samo kayan da hannunta ya saba da su: mabuɗi, cokali, wuƙa. Ya manna wa kowanne 'yar takarda mai sunansa da haruffa masu tudu. Ta shafa cokali, ta shafa takardarsa. Ta shafa mabuɗi, ta shafa tasa. Sai aka ba ta takardun su kaɗai, ta ɗora kowace a kan abinta, in ta dace a shafa mata kai. Ta iya, amma iyawar kwaikwayo, irin ta mai neman a yaba masa. Daga nan aka yayyanka takardun, kowane harafi daban, aka jera mata su, aka hargitsa, aka bar ta ta mayar. Makonni ana wannan. Howe ya rubuta cewa ya kusan iya nuna daidai lokacin da abin ya faɗo mata, don fuskarta ta washe: ta gane da waɗannan 'yan tudun za ta iya ciro abin da ke ranta ta miƙa wa wani. Duk malamin makafi ya san wannan lokacin. Na gan shi a fuskar wani yaro da aka karɓo daga bara yana da shekara goma sha ɗaya, ranar da ya fara rubuta sunan mahaifiyarsa. Ya ƙi ba ni takardar, ya ninke ta ya cusa a aljihu.

Sai dai labarin Laura yana da bayansa, kuma ba zan ɓoye muku ba. Aikin kullum, na awa bayan awa, wasu malamai mata ne suka yi shi, Lydia Drew da Mary Swift da Sarah Wight, amma suna na likita ne. An riƙa buɗe ƙofa jama'a na tururuwa su kalle ta kamar abin al'ajabi. Marubucin Ingila Charles Dickens ya zo a 1842 ya rubuta labarinta, ta zama ɗaya daga cikin yaran da aka fi sani a duniya. Howe kuma yana da wani gwaji a ransa: ya so a hana kowa yi mata maganar addini, don ya ga wane irin sanin Allah zai tsiro mata da kansa. Da ya yi doguwar tafiya Turai ya dawo ya tarar wasu sun riga shi, ta kuma karkata ga aƙidar da ba tasa ba, sai ɗokinsa a kanta ya yi sanyi. Ta zauna a makarantar kusan duk rayuwarta, har ta rasu a 1889. Mara lafiyar da ta ƙi bin ra'ayin likita, sai likita ya rage leƙo ta. Wannan ma kun san shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ware ku daga sauran 'yan majalisa. Lauya ko ɗan kasuwa ko tsohon shugaban ƙaramar hukuma yana iya yanke shawara daga abin da ke cikin fayil. Ku kuwa tun kuna ɗalibai aka hore ku cewa ba a rubuta magani sai an ga mara lafiya, an ɗaga riga, an danna ciki, an tambayi tun yaushe. Wannan horon ne Howe ya shiga majalisa da shi.

A watan Maris 1841 wata malamar makaranta, Dorothea Dix, ta je gidan yarin East Cambridge don koyar da fursunoni mata karatun ranar Lahadi. Ta tarar an haɗa masu taɓin hankali da masu laifi, a ɗakin da babu abin ɗumama jiki, a garin da sanyinsa ke daskarar da ruwa. Amsar da aka ba ta ita ce mahaukaci ba ya jin sanyi. Howe bai tsaya ga labarin da ta kawo ba. Ya je da ƙafarsa, tare da abokinsa lauya Charles Sumner, ya gani, ya dawo ya rubuta a jarida. Aka ƙaryata shi, Sumner ya tabbatar da cewa abin da suka gani ke nan. Ita kuwa Dix ta ɗauki littafin rubutu ta bi jihar gari-gari, gidan yari da gidan gajiyayyu, sama da shekara guda, tana rubuta sunan gari da abin da ta tarar. Takardar da ta haɗa ta ce ga mutane nan a cikin keji, da ƙananan ɗakunan ajiya, da ramukan ƙarƙashin gida, da turakun dabbobi, a ɗaure da sarƙa, tsirara, ana dukansu da sanda da bulala don su yi biyayya.

Matsalar ita ce Dix mace ce, a zamanin da mace ba ta da ƙuri'a, balle ta miƙe ta yi magana a zauren majalisa. Takardar tana buƙatar wanda zai ɗauke ta ya shiga da ita. A ƙarshen 1842 an zaɓi Howe ɗan majalisar wakilan jihar daga Boston, a watan Janairu 1843 ya gabatar da ita. Masu kula da gidajen gajiyayyu da manyan garuruwan da aka ambata suka yi ca a jaridu, ƙarya ce, sharri ne, ɓata suna ne. Aka miƙa takardar ga kwamiti, Howe ne shugabansa. Kwamitin ya tsaya a bayanta, kuma kafin a tashi daga zaman wannan shekara majalisa ta amince a faɗaɗa asibitin masu taɓin hankali na jiha da ke Worcester. Wa'adin ɗan majalisar jihar a lokacin shekara guda ne. A watan Afrilu ma ya yi aure, ba da jimawa ba ya kama hanyar Turai, da ya nemi kujerar majalisar tarayya a 1846 kuma aka kayar da shi. Wato cikin 'yan watanni ya yi wannan aikin. Ku shekara huɗu aka ba ku, wasunku suna zagaye na biyu ko na uku.

Ku lura, binciken ba nasa ba ne, wahalar hanya ba tasa ba ce. Abin da ya kawo abu biyu ne: kujerarsa, da shaidar likitan da ya je ya gani, wadda ke da wuyar turewa. A kowace jiharku akwai irin Dix. Akwai nas ɗin da ta san ɗakin da ake kulle mutane, akwai ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya gaji da rubuta rahoton da ba a karantawa, akwai ɗan jaridar da ke da hotuna a waya. Ba su da kujera. Sau nawa ɗayansu ya zauna a bencin ƙofar ofishinku har aka tashi?

Barin kujerar bai raba Howe da majalisa ba. A 1846 aka naɗa shi shugaban kwamitin binciken halin masu raunin ƙwaƙwalwa a jihar, waɗanda mu muke kira dolaye ko wawaye, mu wuce. Kwamitin ya duba mutum 574, ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta yanayin kowa. Rahoton ya fito a 1848, majalisa ta ware dala 2,500 duk shekara na tsawon shekara uku don a gwada koyar da yara goma. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma an fara, kuma ƙidaya ce ta buɗe bakin jaka. Sai dai a cikin rahoton nan ne likita ya zarce iyakar saninsa. Ya ɗora yawancin laifin a kan iyaye, shan giya da auren dangi da abin da ya kira saɓa wa dokokin halitta. Ya kuma yi imani da wani ilimin bogi da ya yi tashe a zamaninsa, na shafa ƙoƙon kan mutum a faɗi halinsa. Farar riga ba ta hana mutum ɗaukar son ransa ya kira shi kimiyya. Uwar da ke goyon yaro ɗan shekara tara wanda bai taɓa zama da kansa ba, ba wa'azin laifinta take jira daga bakin likita ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a rayuwarsa ya faru a 1866. An gayyace shi garin Batavia a jihar New York, wurin aza harsashin ginin wata babbar makarantar makafi. Ai kun san irin wannan taro: manya sun hallara, ana jiran baƙo mai jawabi ya yi yabo a tafa. Mutumin da ya shafe shekara sama da talatin yana shugabantar irin wannan makaranta sai ya tashi ya gargaɗe su. Ya ce tara masu lalura iri ɗaya a bayan katanga, nesa da iyaye da maƙwabta, abu ne da ya saɓa wa ɗabi'a. Ya ce irin waɗannan gidaje su zama kaɗan gwargwadon iko, ƙanana gwargwadon iko, kuma a bar makaho ya tashi cikin masu gani. Likita ke nan da ya koma ya sake duba maganin da shi da kansa ya rubuta, ya faɗi illarsa a bainar jama'a. Ba a saurare shi ba. 'Yar makarantar yara goman nan ta 1848 ita ce ta girma ta zama makarantar Fernald da ke Waltham, wadda ta kai tana tsare da mutum sama da dubu biyu. A shekarun 1940 da 1950 masu bincike daga jami'ar MIT suka riƙa ba yaran cikinta kunun hatsi mai ɗauke da burbushin sinadarin nukiliya don gwaji, ba a kuma fayyace wa iyayensu ba. Sai a 2014 aka rufe ta.

Sauran kurakuransa zan bi ta kansu da sauri. Ya nace makafi su karanta haruffan masu gani da aka yi wa tudu, ya ƙi karɓar ɗige-ɗigen da Louis Braille, makaho ɗan Faransa, ya wallafa tun 1829, alhali yatsa ya fi gane ɗigo a kan lanƙwasa. Ga shi yau na'urar da ta fi yaɗa rubutun Braille a duniya daga makarantarsa ta fito, a 1951. Ya yi adawa da koyar da kurame da maganar hannu. Ya taimaka wa John Brown, mai yaƙi da bauta, da kuɗi, amma da harin da Brown ya kai a 1859 ya ci tura sai ya nesanta kansa a jarida ya tsallaka Kanada. A gida kuma matarsa Julia Ward, marubuciyar da sunanta ya zo ya shafe nasa, ta sha fama da shi, don bai so ta fita ta yi suna ba. Mai 'yanta na waje, mai ƙuntata wa na ciki. Ban kawo muku shi don waliyyi ba ne.

Tsarin majalisun jihohi da kuke zaune a ciki daga Amurka muka aro shi a 1979, kuma abin da Dix ta gani bai yi mana nisa ba. Mu ma muna da kalmominmu: turu, mari, sasari. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa. Wata na gaba aka buɗe wani a Daura. Aka yi hayaniya, aka rufe gidaje, labari ya lafa. Tambayar da ba a tsaya a kanta ba ita ce, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya. Uban da ɗansa ya fara sambatu, ko ƙwaya ta juya masa kai yana zare wa ƙannensa wuƙa, in ya duba gabas ya duba yamma bai ga gado a asibiti ba, ina kuke so ya kai shi? An rufe gidan mari, ba a buɗe komai a gurbinsa ba, sai mari ya koma ƙuryar ɗaki a bayan gida, inda ɗan sanda ba ya shiga.

Dokoki kam an yi. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, mai tushe tun 1916, zamanin Turawa. Amma izinin 1829 ma doka ce, ta kuma zauna shekara uku ba ta koya wa yaro ko harafi ɗaya ba. Dokar Abuja ba ta ɗaukar nas a asibitin ƙaramar hukumarku, ba ta sayen takardar Braille. Kasafin kuɗin jiha ne ke yin wannan, shi kuwa ta gabanku yake bi duk shekara. Sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ku ikon bincike da ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida. Galibinku kuna cikin kwamitin lafiya, wasunku ku ne shugabanninsa.

In kun tashi gini, ku tuna da Batavia. Mu matsalarmu ta sha bamban da tasu ta wani ɓangaren. Makahonmu ba a ɓoye yake bayan katanga ba. Yana tsakiyar jama'a, yana da unguwarsa, yana da sarkinsa, amma wurin da muka ware masa shi ne bakin titi da ƙofar masallaci, da ɗan jagora a gabansa, yaro mai ido biyu wanda shi ma karatunsa ya tafi. Makarantar makafi ta farko a Najeriya, ta Gindiri a Filato, tun 1953 take, amma har yau uba a ƙauye in yana son 'yarsa makauniya ta yi karatu, sau da yawa sai ya rabu da ita ya kai ta birni mai nisa ta kwana can. Yawanci ba sa yarda, kuma ban ga laifinsu ba. Na san katafaren gini mai allon tagulla ya fi daɗin buɗewa a gaban kyamara. Ni dai a ganina, ɗaki ɗaya a firamaren gari, da malami ɗaya da ya iya Braille, da na'ura biyu masu aiki, yarinya ta yi karatu ta koma ta ci tuwon uwarta da dare, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Ina faɗin haka ne alhali a makarantar kwana nake cin abinci.

Wani ɗan majalisa ya taɓa ziyartarmu, kuma likita ne. An sanar da mu tun mako biyu kafin ranar. Aka share fili, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka ɓoye na'urar da ta lalace a ofishin shugaban makaranta, aka aro wasu daga wani wuri don teburi ya cika. Ya iso da motoci huɗu da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto. Yara suka yi waƙar maraba. Ya shafa kan biyu daga cikinsu, ya ce gwamnati na sane da mu, ya tafi. Minti arba'in. A sahun gaba akwai yaron da idonsa na hagu ke zubar da ruwa tun farkon zango, ɗan fari-farin da ke cikin ƙwayar idon ko ni da ba likita ba ina ganinsa. Honorabul ya tsaya dab da shi aka ɗauki hoto. Da a asibiti ne suka haɗu, na tabbata da ya ɗaga masa fatar ido ya haska tocila. Mun gode da shinkafar, an ci.

Akwai wata ziyara ta daban da nake son ku sa kusa da wannan. Howe ya shugabanci hukumar sa ido kan gidajen jinƙai ta jihar Massachusetts daga 1865 zuwa 1874, aikinta shi ne shiga waɗannan wurare ta duba. A 1880, shekara huɗu bayan rasuwarsa, masu binciken jiha suka shiga gidan gajiyayyu na Tewksbury, cikinsu har da tsohon abokin aikinsa Franklin Sanborn. Wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ciwon ido ya kusa makantar da ita, ƙaninta kuma ya mutu a gidan, ta bi su ɗaki-ɗaki, da suka zo fita ta faɗa gabansu ta ce tana son zuwa makaranta. Aka kai ta Perkins. Sunanta Anne Sullivan. A can ta zauna tare da Laura Bridgman, wadda ta manyanta a lokacin, ta saba da maganar yatsu. Ta gama a 1886, a 1887 aka tura ta Alabama ta koyar da wata yarinya makauniya kuma kurma, Helen Keller, wadda mahaifiyarta ta sami ƙwarin gwiwar neman malami ne bayan ta karanta abin da Dickens ya rubuta kan Laura. Da masu binciken nan a ofishin shugaban gidan suka tsaya suka sha shayi suka karɓi rahoto, da yarinyar ba ta sami gaban da za ta faɗa ba.

Roƙona ke nan, ranku ya daɗe. Kafin a kawo muku kasafin kuɗin baɗi, kowannenku ya zaɓi rana ɗaya ya yi zagayen duba marasa lafiya irin na da, a mazaɓarsa. Kada a aiko da takardar sanarwa, kada a zo da jiniya. Ku shiga ɗakin masu taɓin hankali na gidan gyaran hali, ku shiga makarantar makafi da kurame, ku sa mai unguwa ya raka ku gidan da kowa ya san akwai wanda ke ɗaure a ciki. Ku ƙirga, ku rubuta, ku karanta abin da kuka rubuta a zaure da bakinku, a matsayin likitan da ya gani.

In ta wajenmu kuka biyo, ku zo ranar Talata da misalin ƙarfe goma, lokacin darasin rubutu ke nan. Za ku tarar da yara goma sha bakwai suna jiran layi a kan na'ura ɗaya da rabi. Yarinyar nan mai tambaya tana zama a benci na biyu kusa da taga, kuma na riga na gaya mata na rubuto muku. Ku zo da tocila.

Wassalam.

Naku,
Malamin makafi a wata makarantar gwamnati